Kafaɗar Suhaib

A bayan gidan Usmanu Jibril, can cikin unguwar Harra ta Gabas, akwai wata katanga ta baƙin dutse. Usmanu da kansa ya zana raga a jikinta da farin fenti. Duk wanda ke zaune a lungun ya san ƙarar katangar nan. Da an sallame la'asar sai ka ji tim, tim, tim, kamar ana daka a gidan biki, har ladan ya kira magariba.

Suhaib ne ke jifan, ɗan Usmanu na fari, shekararsa goma sha bakwai. Ƙwallon hannu yake bugawa a wani nadi, wato kulob na matasa, a nan Madina, kuma duk nadin babu mai hannu irin nasa. In ya yi tsalle ya saki ƙwallo, gola har ido yake rufewa. Shi kuwa Usmanu direban bas ne, yana ɗibar masu umara daga Bi'ir Ali zuwa Makka. Ranar da ba shi da tafiya sai ya jawo kujerar roba gefen katangar, ya zauna da carbi a hannu. Ba tasbihi yake ja ba, jifa yake ƙirgawa. Ɗari biyu kullum, ban da wanda yaron zai je ya yi a nadi bayan magariba.

Ran nan, a jifa na ɗari da goma sha uku, Suhaib ya tsaya ya dafe kafaɗarsa ta dama.

"Abuya, kafaɗar ce," ya ce, rabi da Hausa rabi da Larabci, irin na yaran da aka haifa a nan. "Kamar ana soka min ƙusa daga ciki."

"Ƙusa! Kai ka san ƙusa? Ni na tuƙa bas daga nan zuwa Makka na dawo da zazzaɓi a jikina, ban gaya wa kowa ba. Ɗauki ƙwallo, ya walad. Saura tamanin da bakwai."

"Wallahi tun makon jiya take..."

"Tun makon jiya Saif ɗan gidan Muhammad Awwal yake addu'ar ya ji ka faɗi haka. Ɗauki!"

Suhaib ya ɗauka.

Abin da ya hana Usmanu sakat shi ne, saura mako shida wasu mutane su zo daga wata kwaleji a Riyad. Duk shekara sukan zo su kalli wasan ƙarshe na matasa, su ɗauki yaro biyu ko uku, su ba su gurbin karatu da wurin kwana, daga nan kuma hanya ta buɗe zuwa manyan ƙungiyoyi. A lissafin Usmanu, wanda suka gani a fili shi za su ɗauka, wanda ke kan benci kuwa ko aljanin ƙwallo ne babu ruwansu da shi. Suhaib da Saif wuri ɗaya suke bugawa. In ɗaya na ciki, ɗaya na benci. Shi ya sa duk mintin da Suhaib ya yi a zaune, Usmanu ji yake kamar an cire masa haƙori an ba maƙwabcinsa.

Shafa'atu, uwar yaron, ta jira sai da mijin ya tafi Makka, sannan ta sa Suhaib ya tsayar musu da tasi suka nufi unguwar Ƙurban. Akwai wani ƙaramin asibiti a can inda Dakta Sharfuddeen yake aiki, mutumin Zariya, wanda matan unguwa suka fi son zuwa wurinsa saboda a gabansa mutum kan faɗi ciwonsa da harshen uwarsa.

"Ɗaga hannun," in ji likitan.

Suhaib ya ɗaga. Da hannun ya kai daidai kunne sai ya cije leɓe, gumi ya tsattsafo masa.

"Jifa nawa kake yi a rana?"

"Ɗari biyu a gida. Na nadi ban sani ba."

Dakta ya cire tabarau ya dubi Shafa'atu. "Hajiya, ai ko jaki aka yi wa haka ya kwanta." Ya sa aka ɗauki hoton kafaɗar, ya ɗaga shi a haske. "Kin san igiyar guga in ta fara sili-sili? To haka jijiyar nan take. Ba ta tsinke ba tukuna. Wata uku kada ya jefa ko ƙwallon dabino. In ya huta za ta haɗe kamar ba a yi ba."

"Dakta, saura mako biyar mutanen Riyad su zo," in ji Suhaib.

"Su zo baɗi su same ka da hannu."

Ya rubuta takarda ya ce a kai wa mai horar da su. Kaftin Sabiru, shi ne mai horarwar, ya karanta ya girgiza kai, ranar Alhamis ya zaunar da Suhaib a benci ya sa Saif.

Rashin sa'a, ranar ce Usmanu ya dawo daga Makka da wuri, ya zarce zauren wasa ko gida bai biya ba. Ya tarar da ɗansa a zaune da tawul a wuya, Saif kuwa ya zuba ƙwallo biyar, Muhammad Awwal na ta tafi yana waige-waige don a san ɗan wa ne. Duk da haka nadin ya sha kashi da ci biyu. Ana hura usur ɗin tashi Usmanu ya tsallaka shinge ya shiga fili.

"Kaftin! Ɗana sata ya yi maka?"

"Abu Suhaib, ka yi a hankali. Takardar likita ce aka kawo min."

"Wane likita? Mu gani." Ya fizge takardar, ya dubi sa hannun. "Wannan baƙon da ya zo jiya da biza? Shi ya haifar min shi? Mutumin da bai taɓa riƙe ƙwallo ba zai gaya min abin da kafaɗar ɗana za ta ɗauka?" Ya yayyaga ta ya watsar. "Ko dai wani abu aka kai maka gida daga lungunmu? Faɗi gaskiya, ai duk mun san juna."

"A'uzu billahi! Ni?"

"To in ba haka ba, ranar Alhamis ina so in gan shi a ciki daga usur zuwa usur. In ba haka ba wallahi har ofishin shugaban nadi zan je."

Kaftin Sabiru ya dubi allon da ke nuna an ci su, ya dubi Suhaib. Shi ma kofin gasar matasan yake nema, shekara huɗu yana kaiwa bakin gaɓa yana dawowa. Ya sassauta murya.

"Ni dai in uba ya ce ɗansa lafiyarsa ƙalau, ni wa? Sai dai ka sa min hannu a takarda, don gobe."

Usmanu ya sa hannu, har biron ya huda takardar.

A gida, Suhaib na ɗaki yana jin iyayensa ta bango.

"Da izinin wa kika fita?"

"Da izinin kukan da ɗana ke yi a bayi, yana kunna famfo don kada ka ji."

"Kuka! Ke kika koya masa. Ummu Suhaib, ke me kika sani a duniyar nan ban da tukunya? A garin nan irinmu ƙofa nawa ake buɗe mana? Sitiyari, gadi, ko fili. Ni na riƙe sitiyari shekara ashirin da shida, bayana ya gama mutuwa. Shi ba zai riƙe ba. Don kaina nake yi? Ni za a kai Riyad?"

"Likitan ya ce wata uku kawai..."

"Wata uku! Kafin nan an ɗauki ɗan Muhammad Awwal, uwarsa ta zo ta raba miki alawa har ɗaki. Ki ji da kyau. Kika sake kai shi wurin mutumin nan, ki zarce gidanku daga can."

Daga nan Suhaib bai ƙara jin muryar uwarsa ba, sai ƙarar kwanuka.

Usmanu ba ya cikin iyayen da ke cewa ɗansu ƙarya yake. Ya san yaron na jin ciwo. Shi dai magani yake so wanda ba zai ci masa ko wasa ɗaya ba, kuma ya san inda zai samo shi. Wansa Maikuɗi wanzami ne, ya gaji aikin daga kakansu da ya zo aikin hajji a ƙasa ya zauna yana yi wa alhazai ƙaho. Ranar Juma'a da hantsi Baffa Maikuɗi ya zo da zabirarsa, suka hau saman gida da ƙaramin murhun gas.

Ya lallatsa kafaɗar da babban yatsa, Suhaib ya zabura.

"Nan ne. Sanyi ne ya kwanta masa a gaɓa, wannan na'urar sanyaya ɗaki da kuke kwana a cikinta. Su likitoci ba su san sanyi ba, hoto ba ya nuna shi. Lalas zan yi masa. Larabawa ma sun ce ƙarshen magani wuta."

Ya ciro wani ƙarfe mai lanƙwasasshen baki ya ɗora a kan wuta. Suhaib na kallon bakin ƙarfen yana sauya launi, daga baƙi zuwa ja.

"Baffa, don Allah. Abuya, zan yi jifan a haka, wallahi ba zan ƙara cewa komai ba."

"Ji rago," in ji Baffa Maikuɗi yana dariya. "Ubanka yana ɗan shekara tara na ga an yi masa a ciki, ko uffan bai ce ba. Usmanu, riƙe min shi."

Usmanu ya tura masa tawul a baki, ya rungume shi ta baya, ya maƙale hannayen. Sau uku ƙarfen ya sauka. Wari ya tashi irin na babbakar kan rago ranar layya. A ƙasa Shafa'atu ta ƙure rediyo.

Bayan kwana biyu Usmanu ya tambaye shi, "To, na cikin fa? Kana jin ƙusar?"

"Ba na jin komai sai wutar."

"Alhamdu lillahi! Kun ji ko? Ya ce ba ya ji!" Ya fita har lungu yana ba da labari, wai abin da ya gagari mai tabarau da injinsa, ɗan ƙarfen Maikuɗi ya gama da shi cikin minti biyar. Ba wanda ya ce masa ai wanda gobara ta kama wa riga ba ya tuna ƙaya a ƙafa.

Aka koma katanga. Alhamis ta zo Suhaib ya buga daga usur zuwa usur, ya ci takwas, rigarsa ta manne da ƙunar, sai da aka jiƙa ta da ruwan ɗumi kafin ta fita. Da ƙunar ta fara bushewa, ƙusar ta dawo, wannan karon da 'yan uwanta. Baffa Maikuɗi ya ce sanyin ne ya gudu baya, sai a bi shi. Ya ƙara huɗu a allon kafaɗa.

Daga nan kwanakin suka zama iri ɗaya, kowace rana ta fi jiya muni. Da safe sai ya sunkuya ya zura kai cikin jallabiya kamar tsoho, don hannun ba ya zuwa sama. A makaranta biro na faɗuwa daga yatsunsa. A masallaci in an yi kabbara, hagu ta kai kunne, dama ta tsaya a ƙirji, har wani dattijo ya ja shi gefe ya yi masa faɗa kan wasa da salla. Amma da yamma, in jiki ya yi zafi, in ya cije haƙori, hannun kan yarda ya yi jifa. Wannan shi ne abin da ya cuce shi. Da hannun ya ƙi gaba ɗaya tun da wuri, da ya tsira.

Kuma kada a ce yaron ba ya son Riyad. Yana so, fiye da uban ma. Yakan kwanta ta gefen hagu ya yi ta ƙiyasta ɗakin kwanan ɗalibai, gado ɗaya nasa, babu kujerar roba, babu mai ƙirga masa komai. Sai dai jiki magayi. Shi ya san abin da yake ji in ya saki ƙwallo, kamar ana yage tsumma a hankali.

Saura kwana goma sha biyu, ya sami Kaftin Sabiru shi kaɗai a ɗakin ajiye kaya.

"Kaftin, ka sa Saif wannan makon. Rabin lokaci ma ya isa."

Kaftin bai ɗago daga ƙwallayen da yake hura wa iska ba. "Je ka gaya wa babanka, ya zo ya faɗa min da bakinsa. Ni kada ka haɗa ni da shi. Kuma kai ma, ya Suhaib, kowane ɗan wasa da ciwonsa yake bugawa. Ni da karyayyen yatsa na buga wasan ƙarshe."

Ya je wurin Baffa Maikuɗi a shagonsa. Baffa ya ce, "Wutar ce ke aiki. In magani bai yi zafi ba ai ruwa ne. Kuma ka daina kai ƙarar ubanka, ba tarbiyyar gidanmu ba ce."

Ya dawo wurin uwarsa a kicin. Ta naɗe ƙanƙara a tsumma ta ɗora masa, tana kauce wa ƙunar da ta fara ruwa. Hawaye na zuba, amma abin da ta ce shi ne, "Ka daure, ɗan albarka. Kwana goma sha biyu kamar yau ne. In an ɗauke ka sai ka huta a can. Ka ji abin da ya ce min. In na bar gidan nan, Sundus da sauran ƙannenka wa zai riƙe su?"

"Ummi, in ta tsinke fa?"

"Kul! Kada ka yi wa kanka baki."

Kowa da hujjarsa, kuma duk wanda ka saurara sai ka ce ai yana da gaskiya. Yaron ne kaɗai ba shi da hujja, sai kafaɗa.

Ranar wasan ƙarshe zauren ya cika tun kafin la'asar. Mutanen Riyad su biyu suna zaune a layin gaba da littattafansu, da wani na uku mai jaka a gefensu. A ɗakin sauya kaya Suhaib ya kasa ɗaga hannu ya sa riga. Kaftin Sabiru ya dubi Usmanu da ke tsaye a bakin ƙofa, Usmanu ya gyaɗa kai. Sai mai tausa na nadin ya buɗe akwatinsa ya ciro allura.

"Ta mece ce?" in ji Suhaib.

"Bitamin," in ji Kaftin.

Cikin minti goma kafaɗar ta mutu murus, kamar ta wani aka ara masa. Mako bakwai rabon da ya ji daɗi irin wannan. Ya shiga fili kamar an kwance doki. Kafin hutun rabin lokaci ya ci bakwai, ɗaya ma daga tsakiyar fili, golan bai ga wucewarta ba sai ƙarar raga ya ji. Usmanu ya hau kan kujera yana kaɗa hularsa, yana ihu yana fuskantar inda Muhammad Awwal yake zaune. "Namu ne! Jinin Jibril ne! A kawo wani in akwai!"

Da hutu aka ƙara masa allura ta biyu.

Saura minti tara a tashi, ya karɓi ƙwallo, ya taka uku, ya tashi sama da masu tsaro biyu, ya saki. Ƙwallon ta shiga. Amma shi abin da ya ji daban ne, wani ɗan ƙas, kamar an taka busasshen reshe. Babu zafi ko kaɗan. Da ya sauka sai ya ga hannun na lilo a gefensa, ya ce masa tashi, ya ƙi. Kaftin Sabiru ya gani. Nan da nan ya fitar da shi, ya yafa masa tawul a kafaɗa, ya juya yana tafi don jama'a su ɗauka hutar da gwarzo aka yi. Jama'a suka miƙe suna tafi. Nadin ya ɗauki kofi.

Sunan Suhaib mutanen Riyad suka fara kira. Usmanu ya rungume babbansu har yana sumbatar kansa. Mutumin ya yi murmushi ya ce saura abu ɗaya, likitansu zai ɗan duba yaran, ga shi nan da jakarsa. Aka shiga ofishin Kaftin.

"Cire riga, ya ɗana," in ji likitan.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Suhaib ya kama rigar da hagu yana kokawa da ita, har likitan ya taimaka masa. Tabo bakwai suka bayyana, biyu na fitar da mugunya, ga kuma huda biyu sababbi na allura. Likitan ya dubi Usmanu.

"Wa ya yi wannan?"

"Maganinmu ne na gida," in ji Usmanu. "Gado ne. Sanyi ne ya ɗan..."

"Ɗaga hannun."

Suhaib ya yi ƙoƙari har jijiyoyin wuyansa suka fito. Hannun ya matsa kamar taƙi ɗaya daga cinyarsa, ya koma.

"Gajiya ce, ya dakta! Ai ka ga abin da ya yi ɗazu da idonka. Goma ya ci! Suhaib, ɗaga mana, kada ka kunyata ni. Ɗaga!"

Babban mutanen Riyad ya buɗe littafinsa, ya juya shafuka baya, ya nuna wa Usmanu wani layi da biro.

"Ya hajji, ka ga sunan ɗanka? Tun bara muka rubuta shi. Ba don mu gwada shi muka zo ba, mun riga mun san shi. Da kun aiko mana da takardar likita kun ce yana jinya, da mun ajiye masa wurinsa har ya warke. Muna yin haka duk shekara." Ya ja layi a kan sunan. "Allah ya ba shi lafiya. Kaftin, kira mana ɗayan, Saif."

An yi wa Suhaib aiki a babban asibiti, aka ɗinke abin da ya ɗinku. Likitocin suka ce jijiyar ta tsinke gaba ɗaya, ƙunar kuma ta ci ta taɓa wata jijiyar da ba ta da gyara. Bayan wata biyar hannun ya rame kamar na yaro, ba ya wuce ƙirji, yatsun na rawa in ya riƙe kofi.

Sai a zo a ji bayani. Usmanu ya ce kambun baka ne, tun ranar da Muhammad Awwal ya ce "ma sha Allahu, wannan hannu" bai yarda da shi ba, har gaisuwa ya daina yi da shi. Wani lokacin kuma ya ce likitan Ƙurban ne ya yi wa yaron mugun baki. Baffa Maikuɗi ya ce allurar nasara ce ta ɓata masa aiki, da an bar wuta ita kaɗai da tuni an wuce wurin. Kaftin Sabiru ya ajiye kofinsa a ofis, duk wanda ya tayar da maganar sai ya buɗe aljihun tebur ya nuna takardar da uba ya sa wa hannu. Shafa'atu ta ce ƙaddara ce, bawa ba ya wuce abin da aka rubuta masa.

Da wani ɗan iska ne ya tare yaron nan a lungu ya karya masa hannu, da Harra ta Gabas ta fito da sanduna, da ba a kwana ba sai an kai shi ga hukuma. Da yake ubansa ne ya riƙe shi, baffansa ya ƙona shi, uwarsa ta ƙure rediyo, sai mutane suka riƙa zuwa gidan suna yi wa Usmanu jaje. "Sannu Abu Suhaib, ka yi iyakar ƙoƙarinka, Allah ya mayar maka da alheri." Shi ake wa sannu. Mai hannun yana ɗaki, ana aika masa ya kawo wa baƙi shayi, yana kawowa da hagu.

Wata ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci aka shimfiɗa leda a falo, Shafa'atu ta kawo faranti na shinkafa da naman rago, da lemo a gefe. Suhaib ya zauna can ƙarshe, ya sa hannun hagu ya ɗebo.

"Kai! Da hagu? A gidana?" in ji Usmanu. "Shaiɗan ne ke ci da hagu. Ci da dama."

Suhaib ya kamo hannun daman da na hagu ya ɗora shi a bakin faranti. Ya dunƙula loma da ƙyar. Kafin ta kai baki yatsun suka saki, shinkafar ta zube masa a farar jallabiya.

"Abu Suhaib, don girman Allah ka bar shi ya ci abinci," in ji Shafa'atu.

Usmanu ya yi tsaki ya kau da kai. Suhaib ya koma ci da hagu, kansa a ƙasa.  Can ya ɗago, ya ga uban ya daina tauna, yana bin hannun da ido, daga faranti zuwa baki, daga baki zuwa faranti. Ba zato Usmanu ya ɗauki lemo ɗaya ya wurga masa da ƙarfi. Kafin Suhaib ya yi tunani, hagun ta tashi ta cafke shi a iska, daf da fuskarsa.

Fuskar Usmanu ta washe, irin washewar da ba a gani ba tun ranar kofi.

"Subhanallahi! Ummu Suhaib, kin gani? Kin ga kamun nan?" Ya matso a gwiwa, ya kama damtsen hagun yana lallatsawa, yana jinjina shi kamar mai tayin rago. "Ka san ɗan hagu a wasan nan zinariya ne? Kaftin da bakinsa ya ce duk Madina babu guda biyu. Shekararka sha takwas kacal. Ashe Allah bai rufe mana ƙofa ba, mu ne ba mu duba ba."

Suhaib ya yi ƙoƙarin janye hannun, uban bai saki ba.

"Abuya," ya ce. "Da shi nake ci. Da shi nake tsarki. Shi kaɗai ya rage min."

"To ai da ɗaya ake jifa."

Usmanu ya juya ga matarsa, har yanzu yana riƙe da damtsen.

"Ƙara masa nama."

Shafa'atu ta dubi ɗanta, ta dubi mijinta. Ta sa cokali ta ƙara.